Gyaran tsohon gida ko sabon gini: yadda mutumin Zariya zai auna kafin ya sayi buhun siminti

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, maganar gini ke tashi a Zariya. Wanda ya kwashe watan Agusta yana jera robobi a tsakar ɗaki saboda yoyo ya fara lissafi, wanda iyali suka yi wa yawa shi ma haka. A zuba kuɗin nan a gidan da ake ciki, ko a nemi fili a bayan gari a tayar da sabo? Masu wannan tambaya sukan fara da farashin siminti da kwano, alhali akwai abu biyu da ke yanke hukunci tun ba a je kasuwa ba: na wane ne gidan, kuma wace ɓarna ruwa ya yi wa gindin bangonsa.

In gidan naka ne kai kaɗai, ka saya da kuɗinka ko an raba gado ya faɗo a kasonka kuma akwai takarda, ka huta da rabin matsalar. Amma gidaje da yawa a cikin Birni, daga Kwarbai zuwa Anguwan Juma da Limancin Kona, na gado ne da ba a raba ba. Mahaifi ya rasu, aka bar gida yadda yake saboda mahaifiya tana ciki, ko don gudun a ce 'ya'ya sun tayar da zancen gado tun ba a share makoki ba. Shekaru suka tafi. Wanda Allah ya buɗa wa a cikin 'ya'yan ya ga sashen Hajiya yana zuba, ya kira birkila, ya sauya rufi, ya sa tayil, ya ƙara ɗakuna biyu a baya. Alheri ya yi, babu shakka. Sai dai ranar da za a yi rabo, gidan za a yi wa kuɗi yadda yake a ranar, da sabon rufinsa da tayil ɗinsa, a fitar wa matar mamaci tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Shi kuwa wanda ya kashe dukiyarsa sai ya kawo shaidar cewa ba kyauta ya yi ba, kuma da wuya ka samu wanda ya ajiye ko rasiti ɗaya. Zumuncin da aka yi gyaran dominsa shi ne ke fara lalacewa a irin wannan rana.

Maganin abin zama ɗaya ne, a gaban kawu ko malamin da kowa ke jin nauyinsa. Ka ce, "Yaya, ina so in gyara sashen Hajiya, amma mu rubuta tun yanzu, sadaka ce na yi ko bashi ne a kan gidan." A sa hannu, shaidu su sa, mai unguwa ya gani. In kuma da hali, a yi wa gidan kuɗi ka biya sauran magada haƙƙinsu ya zama naka. Fiƙihun Malikiyya ma ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, wato in wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, kai ka fi cancanta ka karɓe shi a kan farashin da aka sayar. In magada sun ƙi zama, shawarata a fili take: ka gyara abin da zai kare lafiyar iyaye, rufi da banɗaki da magudanar ruwa, da niyyar neman lada, babban kuɗinka kuma ka kai shi inda sunanka kaɗai ke kan takarda.

Sai lafiyar ginin, kuma nan ya kamata a daɗe. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma kusan duk ciwon da ke kama gida a garin nan ruwa ne asalinsa. Ko ya shigo ta sama, ko ya kwanta a gindin bango yana cinsa a hankali. Na sama da sauƙi. Na ƙasa shi ne ke rusa gida.

Ka zaga gidan ka dubi bango daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. In fenti yana kumbura yana zubar da farin gari kamar gishiri, in filasta tana amsa kamar ganga idan ka ƙwanƙwasa, danshi na hawa daga ƙasa. Ka sa a haƙa rami a jikin bango a wuri biyu ko uku ka ga a kan me aka ɗora ginin. Ka dubi tsagewa da kyau, don ba duka ɗaya ba ce. Siririyar tsaga mai kama da zare a kan filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bangon har ana ganinta ciki da waje, ta fi faɗi a gefe ɗaya, wannan harsashi ne ke zama. Ka shafa ɗan siminti a kanta ka rubuta kwanan wata; in ya sake tsagewa bayan damina ɗaya, ginin bai daina motsi ba. Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka kwatanta daɓen gidan da titi. A unguwanni da yawa an cike hanya an yi kwalta da lambatu, titi ya hau, tsofaffin gidaje suka koma rami. Gidan da daɓensa ya yi ƙasa da bakin kwata, duk fentin da aka shafa masa asara ce har sai an ɗaga daɓen ko an nema wa ruwa wata mafita, kuma ɗaga daɓe yakan jawo ɗaga ƙofofi da rufi.

Ginin ƙasa yana da nasa hukunci. Mutanen Zazzau ba sa buƙatar a gaya musu cewa ƙasa na iya daɗewa. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara aka ɗaure bakan gizonsa, kuma ya ɗauki masallata kusan shekara ɗari biyu. Amma a watan Agustan 2023, tsakiyar damina, wani sashensa ya rufta a kan mutane suna sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Duk mai tsohon soro ya kamata ya riƙe abu biyun nan tare. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa ta kowace shekara: a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, a share indararo, a toshe duk wata kafa a kan soro. Da can akwai makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, masu hana ruwa shiga. Yau masu wannan sana'a sun yi ƙaranci, shi ya sa ake rufe bangon ƙasa da filastar siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma ba ya barin bango ya sha iska. In ruwa ya sami hanya ta bayansa, sai ya kwanta a ciki, waje yana sheƙi ciki yana narkewa, har ranar da filastar za ta ɓalle gaba ɗaya. In za a yi, a fara kare saman bangon da kwano mai baki da ya fito sosai, a zagaye gindinsa da daɓen kankare mai gangara, a sa ragar waya kafin a shafa.

Azara kuma a gwada ta da tsinin wuƙa, musamman inda ta shiga cikin bango, domin nan danshi ke ruɓar da ita ba a gani. Azarar giginya tana da juriya ga gara, amma ba ta jure jiƙa shekara da shekaru. In bango na tsaye daram, azara na da ƙwari, ɗora rufin kwano a saman soron aiki ne mai kyau da araha: ruwa ya daina taɓa ƙasar, ɗaki kuma ya riƙe sanyinsa a zafin Maris da Afrilu, da ɗuminsa a hunturun Zariya da kowa ya san kaifinsa. Ɗakin bulo da kwano ba zai taɓa ba ka wannan ba sai da fanka da wuta. Abin da nake roƙon kowa kada ya yi shi ne zuba dakin, wato rufin kankare, a kan bangon ƙasa, ko ɗora bene a kan ginin da ba don bene aka yi harsashinsa ba. Ko da birkila ya ce, "Alhaji, zai ɗauka, mun sha yi," ka nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya duba.

Gidajen bulo na Tudun Wada, Sabon Gari, Gyallesu da Tudun Jukun da aka gina shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, su ne suka fi karɓar gyara. Sau da yawa bulonsu ya fi na yanzu ƙwari, ɗakunan na da faɗi, filin na da yalwa. Abin da ya gaji a jikinsu katakon rufi ne da gara ta ci, wayoyin wuta da aka sa lokacin da babu firji da injin ruwa, da tsohuwar salga. A irin wannan gida a sauya wayarin gaba ɗaya, kada a yi faci, domin gobara daga nan take tashi. In silin ɗin na asbestos ne, kamar yadda aka saba sawa a wancan zamani, a jiƙa shi a cire shi ɗaya-ɗaya ba tare da farfasawa ba, ma'aikata su rufe hanci, domin ƙurarsa na illa ga huhu.

Babban aibin gyara shi ne ba a sanin ƙarshen kuɗinsa daga farko. Ka ɗaga kwano don sauya guda goma, ka tarar katakon duk ya zama gari. Ka fasa daɓe don sa tayil, ka tarar bututu ya daɗe yana zuba a ƙasa. Duk ƙiyasin da aka ba ka, ka ajiye wani abu mai kauri a gefe wanda ba ka gaya wa ma'aikata ba. A cikin Birni akwai ƙarin nauyi: lungu da yawa tifa ba ta shiga, sai a sauke yashi da tsakuwa a bakin titi a kwashe da baro, a fitar da ɓaraguzai ta wannan hanya, kuma kowane sawu kuɗi ne. Ga zama cikin ƙura da iyali, ga ma'aikata maza suna shige da fice a gidan da mata ke ciki, abin da ba kowane magidanci zai jure wata uku ba.

Sabon gini yana da daɗin da ba a musunsa. Kai ka zana abinka: falo inda kake so, banɗaki a kowane ɗaki, wurin ajiye mota, sashen kowace mata daban in kana da fiye da ɗaya, ledar hana danshi a ƙarƙashin daɓe tun daga farko. Babu magajin da zai ce maka uffan. In kuma filin na wajen Samaru, Zango, Palladan ko hanyar Shika, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta, ko kusa da harabarta ta Kongo, ɗakunan haya biyu a gefe za su iya ɗaukar wani nauyin gidan, domin ɗalibai da ma'aikata ba sa yankewa.

Amma kafin bulo na farko akwai fili, kuma a nan mutane suka fi ƙonewa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake saya izinin zama ne a kai. Takardar ciniki da dillali da mai unguwa suka sa wa hannu tana da amfani, sai dai ba ta tsaya a matsayin shaidar mallaka ta gwamnati ba. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Kafin ka biya ko sisi, a ɗauki ma'aunin filin a bincika a KADGIS ko ya faɗa cikin na gwamnati, na wata makaranta, ko hanyar da aka tsara. Zariya gari ne da manyan makarantu da barikoki suka riƙe filaye masu faɗi, wasu ba a zagaye su da katanga ba, gari ya girma ya shiga cikinsu. Rusau da aka yi a unguwar Graceland a 2021, a kan taƙaddamar fili da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ya shafi mutanen da suka gama gininsu suna zaune a ciki da iyalansu. Haka kuma fili mai araha a bakin kogin Kubanni ko Galma, ko a duk wata fadama, ka je ka gan shi a watan Agusta kafin ka yarda. Abin da ka rage a kuɗin fili za ka mayar da ninkinsa a ciko da harsashi.

Bayan fili akwai abubuwan da mai tsohon gida ya daɗe da mallaka har ya manta kuɗi ne. Katanga da ƙofa. Ruwa, domin ba a gini sai da shi, kuma ƙarƙashin Zariya dutse ne, ana iya haƙa burtsatse a nan a samu, a matsa kaɗan a tashi a tutar babu. Turakun wuta da waya, wani lokaci har da karo-karon sayen taransifoma. Hanyar da mota za ta bi da damina. Mai gadin da zai kwana da rodi da siminti. Ramin masai da sokawe, wanda a fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, sai an yi dabara kafin a nisanta shi da rijiya yadda ya kamata, naka da na maƙwabci.

Sai yadda kuɗi ke shigo maka, wanda a ganina ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Gyara yana karɓar kaɗan-kaɗan. Bana rufi, baɗi banɗaki da wuta, wata shekara tayil da fenti, kuma duk abin da ka yi a ranar za ka fara morarsa. Sabon gini ba ya ba ka komai sai ya kai rufi da ƙofofi. Ka bi hanyar Dakace ko bayan Danmagaji ka ƙirga kangwayen da suka tsaya a linta, ciyawa ta cika ɗakunan, bulo ya yi baƙi da ruwan damina da yawa. Masu su ba sakarkaru ba ne. Sun fara da lissafin da ya yi daidai a ranar. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun simintin da ake saya ƙasa da naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024, rodi da kwano da kuɗin tifa suka bi shi. Ma'aikacin da ke gini da albashi, yana kuma biyan haya, ya ga kuɗin rufinsa ya koma na rabin rufi. Mutane kuma sukan ɗauka in bango ya tashi an ci ƙarfin aiki, alhali rufi, silin, tagogi, ƙofofi, wuta, famfo, filasta da tayil sukan ci abin da ya kai ko ya zarce na tayar da bangon.

Saboda haka ma'aunin da nake ba mai son sabon gini shi ne: kana da abin da zai kai ka daga harsashi zuwa rufi a rani ɗaya? In eh, bismillah. In a'a, ka rage zanen. Ɗaki biyu da falo da aka rufe aka shiga sun fi ɗaki biyar da suka tsaya a taga. A zana gidan gaba ɗaya, a gina sashe ɗaya a gama shi, saura su biyo baya. Kuma ka tsaya a kan aikinka ko ka sa wanda ka yarda da shi: bulon da ake marmasawa da hannu an tsawaita buhunsa fiye da kima, kankare kuma yana son ban ruwa aƙalla mako guda, balle da iskar hunturu mai busar da shi tun bai kama ba.

Akwai abin da ba ya shiga takardar ƙiyasi. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin a Kwarbai, da maƙwabtan da ke leƙo ta safe da yamma, da masallacin ƙofar gida, da makarantar allon jikoki, in ka ɗauke ta ka kai ta gida mai tayil a bayan gari inda babu mai sallama, ba lallai ka kyauta mata ba. Ga kuɗin mota kullum zuwa kasuwa da makaranta da wurin aiki, ga tsaro, domin gidan da ke shi kaɗai a bakin gona ba ɗaya yake da na tsakiyar jama'a ba. A ɗaya gefen kuma, matashin da ke da mata da yara a ɗaki ɗaya cikin gidan gandu, ana layin banɗaki da safe, ana samun saɓani tsakanin matan 'yan'uwa, shi fita ita ce zaman lafiyarsa, ko da gidan gadon lafiyarsa ƙalau.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi ganin ta dace da gidajen Birni masu faɗin tsakar gida: a bar zaure da sashen da ke da lafiya, a rushe wanda ruwa ya gama da shi, a tayar da sabon sashe na bulo a gurbinsa da harsashinsa daban, ba tare da an jingina shi a kan tsohon bango ba. Ba ka sayi fili ba, ba ka ja wuta ba, ba ka bar unguwa ba, iyali kuma suna zaune a ɗaya sashen har a gama. Sharaɗinta dai shi ne na farko, a san na wane ne wurin, kuma a nemi izinin gini, a yi magana da maƙwabcin da kuke haɗa bango kafin a sa diga.

In gidan naka ne a rubuce, gindin bango a bushe, daɓe a saman titi, ni gyara zan ce ka yi, ka fara da rufi da hanyar ruwa, fenti ya zo ƙarshe. In harsashi na motsi, ko gidan ya koma rami, ko kuɗin gyaran ya doshi na sabon gini mai girmansa, kada ka bi shi da kuɗi, a rushe a sake ko a fita. In kuma gado ne da aka ƙi rabawa, ka sayi filinka ko da ba za ka gina bana ba, ka yi masa takarda, ka zagaye shi. Duk wanda ka zaɓa, aikin da ya shafi buɗe rufi ko haƙa harsashi a fara shi a Nuwamba ko Disamba, don a rufe kafin hadarin farko ya haɗo a ƙarshen Afrilu.